Aibi da Daraja: Yadda Ake Auna Lafiyar Tsohon Littafi, daga Gwanjon Amurka zuwa Akwatunan GRA ta Bauchi

A shekarar 2013 wani mai sana'ar gyaran gidaje a jihar Minnesota ta Amurka ya sayi wani tsohon gida. Da ya fasa bango sai ya tarar an cusa tsofaffin jaridu a ciki don maganin sanyi, a tsakiyarsu kuma ga fitowa ta ɗaya ta Action Comics, ta watan Yunin 1938, littafin labari cikin zane wanda a cikinsa Superman ya fara bayyana. Santi 10 aka sayar da shi a zamaninsa. Kafin a kai shi gwanjo gardama ta ɓarke tsakanin mutumin da wata 'yar'uwar matarsa, a wajen ka-ba-ni-in-gani bangon baya ya yage. Masu tantancewa suka ba shi maki 1.5 cikin 10, aka sayar da shi dala 175,000. Dillalan da suka yi cinikin sun ƙiyasta cewa da bai yage ba da maki 3.0 zai samu, wato yagewar nan ta daƙiƙa guda ta ci kimanin dala 75,000. Shekara ɗaya bayan haka aka sayar da wani kwafi mai maki 9.0 a eBay kan dala miliyan 3.2, sannan a watan Afrilun 2024 wani mai maki 8.5 ya kai dala miliyan 6 a gwanjon Heritage Auctions. Labarin da ke ciki ɗaya ne, zanen ɗaya, injin da ya buga su ɗaya. Abin da ya raba farashinsu shi ne halin da takardar take ciki.

Wannan ciniki ya shafe mu ta wata fuska da ba kasafai ake lura da ita ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchi, ya girmi Action Comics da shekara huɗu, domin yana cikin littattafan da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar, aka buga su a 1934 ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Magana Jari Ce ta fara fitowa a 1937. Sa'o'in juna ne da littattafan da ake zuba wa miliyoyi a can. Amma a nan idan aka miƙo wa mutum tsohon kwafi, iyakar abin da zai iya cewa shi ne "ya tsufa" ko "har yanzu da sauransa". Ba mu da ma'aunin da zai faɗi wane irin tsufa ne, mene ne ya ɓace, mene ne aka gyara, wane bugu ne. Abin da kuwa ba a iya siffanta shi, da wuya a yi masa kuɗi, da wuya kuma magada su ga dalilin ajiye shi. Don haka ya dace a duba yadda masu wancan ciniki suke kallon aibi, a tantance abin da zai amfane mu a ciki da abin da bai dace da tarihin karatunmu ba.

Ma'aunin bai faɗo daga sama ba. A 1970 Robert Overstreet ya fara fitar da kundin farashin littattafan zane, wanda ya raba su gida-gida bisa lafiyarsu. Matsalar ita ce mai sayarwa shi ne mai yanke hukunci kan kayansa, kuma kowa nasa ya fi kyau a idonsa. Da ciniki ya koma intanet, inda mai saye ba ya riƙe kaya a hannu, sai rigima ta yawaita. A shekarar 2000 aka kafa kamfanin CGC, wanda hedikwatarsa take Sarasota a jihar Florida, don ya zama alƙali na uku da ba ya saye ba ya sayarwa. A 2014 wani kamfanin, CBCS, ya biyo baya, wanda Steve Borock, tsohon shugaban masu tantancewa na CGC, yake cikin waɗanda suka kafa shi. Aikin yakan tafi kamar haka: a ƙirga shafuka, a binciki ko an yi wa littafin kwaskwarima, mutum fiye da ɗaya ya duba shi, a tsayar da maki, sannan a rufe shi ruf a cikin gidan roba mai tauri tare da takardar shaida a sama. Makin yana tashi daga 0.5, wato ragargajajje, ya bi ta 2.0 da 4.0 da 6.0 da 8.0, ya kai 9.4 wanda ake ɗauka kusan sabo ne, sai 9.6 da 9.8. Maki 9.9 da 10 ba safai ake ganinsu ba.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne nauyin aibi yana sauyawa gwargwadon inda littafi yake a kan ma'aunin. A can sama, ɗan tabo kamar kan allura a gadon bayan littafi, inda aka naɗe shi aka ɗinke, ya isa ya sauko da shi daga 9.8 zuwa 9.6, kuma ga littattafan baya-bayan nan, waɗanda kwafinsu yake da yawa, wannan ɗan bambanci kan iya raba farashi biyu. A ƙasa kuwa, littafin da yake 3.0 zai iya ɗaukar irin wannan tabo goma makinsa bai motsa ba, domin manyan aibobi sun riga sun shanye ƙananan. Ba lissafin ragi ake yi ba, a ce kowane lanƙwasa a cire kaza. Ana duban tarin aibobin ne gaba ɗaya, sannan aibi mafi muni ya gindaya iyakar da makin ba zai haura ba komai kyan sauran jikin.

Sun kuma bambanta lanƙwasar da ta karya launi da wadda ba ta karya ba. Idan aka naɗe kusurwar bango har fentin ya tsage, farin takarda ya leƙo ta ƙarƙashi kamar zare, wannan ba ya warkewa. Idan kuwa takardar ta ɗan lotsa ne kawai, launi bai tsage ba, ana iya danne ta da zafi da ɗan danshi ta miƙe. CGC bai ɗauki wannan guga a matsayin gyara ba tunda ba a ƙara wa littafin komai ba, ko da yake tsofaffin masu tara littattafai sun daɗe suna jayayya a kan haka. Akwai kuma aibin da ya zo daga maɗaba'a: bango ya karkace wajen naɗi, ko wuƙar yanka ta dakushe ta riƙa ɓantare gefen bango, abin da ya yi yawa a littattafan kamfanin Marvel na farkon shekarun 1960. Irin wannan ana yi masa sassauci fiye da ɓarnar hannun mai karatu, domin haka aka haife shi.

Inda ilimin ya fi zurfi shi ne takardar kanta. An buga waɗannan littattafai a takardar jarida, wadda ake yi da niƙaƙƙen itace ba tare da an cire sinadarin lignin ba. Wannan sinadari da iska da haske da zafi su ne suke haɗuwa su haifar da tsami a jikin takarda, tsamin kuma ya riƙa cin zarenta daga ciki. Shi ya sa take sauya launi a hankali, daga fari zuwa ruwan madara, zuwa ruwan ƙasa, farawa daga gefe inda iska ta fi taɓawa, har ta kai matsayin gautsi, inda kusurwa take karyewa da zarar an lanƙwasa ta. Takardar shaidar CGC tana rubuta launin shafuka dabam da makin, kuma littafin da ya yi gautsi ba ya samun babban maki ko da bangonsa yana sheƙi. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Yagewa ta riga ta faru ta tsaya inda take, amma tsami ciwo ne da yake ci gaba. Haka ma tsatsar fil ɗin ɗinki. Duk wanda ya buɗe tsakiyar tsohon littafin soyayya ya san abin: fil biyu sun yi ja, kowanne ya zana da'irar ruwan ƙasa a kewayensa, tsatsar ta ratsa shafi uku ko huɗu, takardar wurin ta ruɓe har shafin tsakiya ya saki ya fito a hannu. Danshi ne ya fara aikin tun shekaru da suka wuce, kuma bai gama ba.

Sai batun cika. A 1974 kamfanin Marvel ya riƙa buga wani ɗan kan sarki a cikin littattafansa, yana ƙarfafa yara su yanke su tara. Yara suka yi abin da aka ce su yi. Ɗaya daga cikin littattafan da abin ya shafa shi ne The Incredible Hulk fitowa ta 181, inda Wolverine ya fara cikakkiyar bayyana, wanda yau yake cikin mafi tsada na zamaninsa. Kwafin da aka yanke wa wannan ɗan murabba'i, komai kyansa, ko dai ya faɗi ƙasa warwas ko a ba shi koriyar takardar shaida, wadda take nufin makin na sauran jikin ne amma akwai babban aibi da aka keɓe aka ambata. Shuɗiyar takarda ita ce ta littafin da ba a taɓa ba. Rawaya ta wanda marubuci ko mai zane ya sa wa hannu a gaban wakilin kamfanin.

Ta huɗu, mai launin shunayya, ita ce masu ciniki suke gudu. Ita ake ba littafin da aka yi wa kwaskwarima: an cike launin da ya goge da alƙalami, an liƙe yagewa da gam, an dasa guntun takarda inda ya ɓantare. Littafin da aka gyara yakan fi kyau a ido, amma kuɗinsa yakan faɗi ƙasa da na ɗan'uwansa mai maki ɗaya wanda ba a taɓa ba, wani lokaci da nisa. Mafi muni a wurinsu shi ne datse gefe da reza don kusurwa ta yi kaifi, domin wannan cire wani abu ne daga asalin littafin, ba kuma ya dawowa. Tun daga 2014 suka ware wani rukuni na aikin ceto, kamar cire tsami ko sauya fil mai tsatsa, suka bambanta shi da aikin ƙawa. Wannan rarrabewa daidai ce a ganina, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Bauchi, daga Risala har Muhtasar, ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin kayansa, ya ba mai saye zaɓin mayarwa idan an ɓoye masa, kuma a inda mayarwa ba ta yiwuwa malamai sun ce a yi wa kayan kuɗi yana lafiya, a sake yi masa kuɗi da aibinsa, a biya bambancin. Wanda ya shafa wa bango launi ya yi shiru, hukuncinsa ɗaya da wanda ya ƙi tatsar akuya kwana biyu don hantsarta ta cika a idon mai saye. Laifin yana wajen ɓoyewar. Gyaran da aka yi a fili aka rubuta shi abin yabo ne. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 ya ɓace wa jama'a shekaru masu yawa, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ba wanda zai ce wannan gyara ya rage masa daraja.

Tsarin na Amurka yana da nasa rauni, kuma bai kamata a ɗauke shi kamar wahayi ba. Makin ra'ayin mutane ne da aka sanya wa lamba. Masu ciniki sun san ana fasa gidan roba a sake tura littafi ɗaya, ya dawo da maki dabam. A ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 ta bayyana cewa an riƙa buɗe gidajen robar ana musanya littafin ciki da wanda bai kai shi ba, har kamfanin CGC ya fitar da jerin ɗaruruwan lambobin shaida da abin ya shafa. Babban raunin kuwa a fili yake: littafin da aka rufe ba ya karantuwa. An ceci jikinsa, an raba shi da aikin da aka yi shi dominsa. A ƙasar da kowane tsohon labari an sake buga shi sau da yawa, kuma yana nan a ɗakunan karatu, wannan asara ce mai sauƙi. A ƙasar da kwafin da ke hannunka yana iya zama shi kaɗai ya rage, asara ce da ba za a lamunta ba.

Yanzu a dawo Bauchi. Dalilin da ya sa na ambaci GRA shi ne irin mutanen da suka zauna a cikinta. Tun zamanin Turawa unguwar manyan ma'aikata ce, kuma bayan ƙirƙiro Jihar Bauchi a watan Fabrairun 1976 ta cika da manyan sakatarori da alƙalai da likitoci da shugabannin makarantu, mutanen da suka yi makarantar Midil da kwalejojin horon malamai lokacin da littattafan Zariya suke sababbi. Su ne masu albashin sayen littafi da ɗakin ajiye shi. A kantocinsu da akwatunansu na ƙarfe ake sa ran samun bugun hukumar NORLA na shekarun 1950, da na Kamfanin Gaskiya, da na kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966, da ɗaurin tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939. 'Ya'yansu kuma su ne suka karanta African Film, mujallar labari cikin hoto ta kamfanin Drum mai jarumi Lance Spearman, wadda ta yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960, da Ikebe Super ta Wale Adenuga da ta fara a 1976. A ɗakunan matan gidan kuma aka tara littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, irin su Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Waɗannan na ƙarshe su ne 'yan'uwan littattafan zanen Amurka na haƙiƙa ta fuskar jiki: takardar jarida, fil biyu, bango mai launi, araha, fitowa kashi-kashi, da kuma raini daga manya. A Amurka an tattara littattafan zane an niƙe su a gangamin tara takarda na Yaƙin Duniya na Biyu, an kuma ƙona su a farfajiyar makarantu a ƙarshen shekarun 1940 bisa zargin ɓata tarbiyya. A Kano a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata bisa zargi irin wannan. Abin da aka raina shi ne yake ƙaranci daga baya. An buga Action Comics na farko kusan kwafi 200,000, yau waɗanda aka san suna nan ba su wuce ɗari ba sosai.

Yanayinmu kuwa ba ya taimako. Tarin da ya fi shahara a wancan ciniki shi ne na Edgar Church, wani mai zanen talla a birnin Denver, wanda ya riƙa sayen littattafan zane tun ƙarshen shekarun 1930 yana jibge su a ɗakin ƙasa. Da Chuck Rozanski ya saye su a 1977, tsakanin kwafi 18,000 zuwa 22,000, an same su shafuka farare kamar jiya aka buga. Duhu da sanyi da busasshiyar iskar Denver da nauyin jibgin da ya hana iska shiga, su suka yi aikin. A Bauchi takarda tana shan wahala iri uku a shekara guda. Damina, musamman watan Agusta, tana cika ta da laima, fil ya yi tsatsa, fumfuna ta yi mata ɗige-ɗige, shafukan da ke da sheƙi su manne da juna. Hunturu ya zo ya tsotse danshin gaba ɗaya, bango ya nannaɗe, gam ya bushe ya saki, ƙura ta shige tsakanin shafuka. Sai zafin Maris da Afrilu, wanda yake hanzarta aikin tsami, musamman a sito mai rufin kwano. Kumbura da motsewar nan ta kowace shekara ita take kashe gadon bayan littafi. Gidajen tsohuwar GRA, da manyan filayensu da itatuwan mangwaro da dogonyaro, gara tana son su. Kwalin da aka ajiye a ƙasa jikin bango yana iya zama lafiya lau daga waje, a ɗaga shi gindin ya zube, a tarar ta yi hanyoyi cikin littattafan ta cike su da jar ƙasa. Kyankyaso yana lasar gam da fuskar bango, ɓera yana yin sheƙa da gefe.

Ga kuma ɓarnar da ƙauna take jawowa. Mai son littafinsa shi ne yake liƙe shi da salatif. Bayan 'yan shekaru robar ta bushe ta faɗi, gam ɗin ya nutse cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa mai maiƙo wanda ba ya fita. Shi ne yake kai wa mai ɗaurin littafi a sa masa bango mai tauri, a cire na asali a yar, a datse gefuna uku da injin. A ma'aunin CGC wannan kisa ne. A namu ma asara ce ta gaske, domin bangon asali shi yake ɗauke da farashi da sunan maɗaba'a da zanen da ke nuna zamani.

Wajen rubutun mai karatu ne nake ganin dole mu rabu da masu ma'aunin Amurka. A wancan ma'auni rubutun mai karatu aibi ne, sai fa 'yar kwanan wata da mai kanti ya rubuta, ko alamar wani sanannen tari irin na Church, wadda takan ƙara kuɗi. Ko su ke nan sun yarda cewa asali yana iya rinjayar tsabta. Mu kuwa al'adar karatunmu tun farko a kan rubutun gefe ta ginu. Littafin fiƙihu ko nahawu na hannu da ya bi ta hannun malamai, suka cika gefensa da sharhi da fassarar ajami, ya fi wanda ba a taɓa ba daraja nesa ba kusa ba. Waɗannan rubuce-rubucen hannu ma sun fi littattafan boko ƙarko, saboda yawancinsu an yi su a takardar tsumma da aka shigo da ita daga Italiya, mai alamar jinjirin wata uku, irin ta gidan Galvani, aka kuma adana su cikin tadarishi da gafaka. Warƙar ƙarni na 19 takan fi littafin soyayya na 1995 ƙwari. To haka ya kamata a kalli hatimin makarantar En'e a kan tsohon Ruwan Bagaja, ko sunan ɗalibi da ajinsa da shekara, ko jerin sunayen matan da suka karɓi hayar littafi ɗaya a bayan bangonsa. Littafin haya da ya yi laushi kamar tsumma shaida ce ta yawan waɗanda suka karanta shi, kuma mai binciken tarihin karatun mata a Arewa ya fi bukatarsa a kan sabo fil. A rubuta irin wannan a matsayin bayani, kada a ci shi tara.

Bambanci na biyu shi ne, a wurinmu tambayar "wane bugu ne?" tana gaban tambayar "yaya lafiyarsa?". Littattafan zanen Amurka suna da lamba da wata da shekara, kuma CGC yana wallafa ƙididdigar kwafi nawa ya auna a kowane maki, don haka kowa ya san ƙarancin abu. Namu da yawa ba kwanan wata, an sake buga su sau da dama ba a faɗa ba, wasu an yi satar bugunsu. Sai an bi alamu. Farashi da sule da kwabo yana nuna an buga kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta shigo. Sunan NORLA yana tsayar da littafi a shekarun 1950. Salon rubuta haruffa masu lanƙwasa da rabon kalmomi yana sauyawa daga bugu zuwa bugu. Ga littattafan Kano, cika tana nufin samun na ɗaya da na biyu da na uku daga bugu guda, domin sau da yawa na ƙarshen ne yake ɓata a hannun aro. Babban aikin da aka yi wajen lissafa su shi ne kundin Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess na 2004, wanda ya tattara ɗaruruwan littattafai na 1987 zuwa 2002, tarin kuma yana jami'ar SOAS a Landan. Abin godiya ne, abin damuwa ne kuma, a ce ɗalibin Azare ko Misau da ke son ganin bugun farko na littafin da uwarsa ta karanta ya fi saurin samunsa a Ingila.

Abin da za mu ɗauka daga masu tantancewa shi ne ladabin siffantawa, lambar kuwa za ta iya jira har kasuwa ta samu. Takarda guda ta isa ga kowane littafi: sunansa da maɗaba'a da abin da ya nuna shekararsa, adadin shafukan da ke nan da waɗanda babu, ko bangon na asali ne, launin takarda da ko ta fara gautsi, halin fil, inda gara ko ruwa ya taɓa, duk wani gyara da wanda ya yi shi, sannan daga gidan wa ya fito. Ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare ko na Jami'ar Sa'adu Zungur za su iya koyon wannan cikin mako guda, kuma aikin kammala karatu ne da ya fi maimaita jigo da salo a littafin da aka riga aka yi wa nazari sau ɗari. Wanda ya yi gautsi a fara ɗaukar hotonsa shafi-shafi kafin a ci gaba da juya shi, ko da wayar hannu ce. Fil mai tsatsa a zare shi a hankali a ɗinke da zare. A ɗaga kwali daga ƙasa, a nisanta shi da bangon waje, a daina ƙulle littafi cikin leda da damina, domin laimar da ta shiga ba ta da hanyar fita.

Lokacin da ya fi hatsari ga waɗannan littattafai shi ne makonnin da ke bin rasuwar mai gida. Masu rabon gado suna yi wa gida da mota da gona kuɗi, su tsallake kantar littattafai domin ba wanda ya san abin da zai rubuta a gabanta. Littattafan addini sukan sami masallaci ko makarantar da za ta karɓa. Na boko da jaridu da mujallu su ne ake fitarwa ɗakunan baya, in an tashi sayar da gidan ko rushe shi don sabon gini, kamar yadda ake ta yi wa tsofaffin gidajen GRA, a auna su da kilo a ba masu ƙosai da masu tsire. Tsarar da ta sayi bugun NORLA da kuɗin aljihunta yanzu ta haura shekara tamanin. Idan ɗakin karatu na jiha ko wata jami'a za ta aika mutum biyu masu takardar siffantawa su nemi izinin iyalai su duba akwatunan kafin a raba, cikin 'yan shekarun nan ne aikin yake da amfani.